Jinjirin Wata na Matosai

Tun watan Disamba Wasila ta sa wa abin ido. Maƙwabciyarta 'yar Filifin, wadda ƙofofinsu ke kallon juna a hawa na uku na wani bene a unguwar International City da ke Dubai, ta rataya bishiyar Kirsimeti a ƙofarta. Ba ta roba ba ce irin wadda ake sayarwa a kasuwar 'yan China da ke tsallaken titi. Ta matosan kwalba ce, irin na ɓawon itacen nan mai laushi mara nauyi, an jera su an manne da gam. Duk wanda ya fito daga lif sai ya tsaya ya ɗauki hoto. Wasila ta karanci harhaɗa magunguna a jami'a, tana aiki a wani kantin magani a Al Khabaisi, kuma ta yi imani, kamar yadda masu digiri kan yi, cewa duk abin da wani ya yi da hannu ita za ta fi shi, lokaci ne kawai ba ta samu ba. Ta ƙudura a ranta cewa idan ƙaramar Sallah ta zo, ita ma sai an tsaya a ƙofarta: jinjirin wata da tauraro, ruwan zinare.

Samun matosai ba abin wahala ba ne a gidan, kuma a nan matsalar take. Mijinta Musbahu shi ke kula da sito a wani babban otal da ke bakin teku. Shinkafa, man zaitun, tawul, sabulu, duk ta hannunsa suke shiga su fita. Akwai kuma wani ɗaki mai sanyi a can ƙuryar siton, makullinsa ma a aljihunsa yake, kuma ba madara ake ajiyewa a ciki ba. Bai taɓa kurɓa ba, bai taɓa zuba wa kowa ba, buɗewa yake ya rufe. A Kano abin da aka sani shi ne Musbahu yana aikin ofis a otal. Ba ƙarya aka yi ba, akwai tebur da kujera a siton.

Mutum ɗaya ake ɓoye wa, mahaifiyarsa Hajiya Khadijatu. Shekara takwas da suka wuce Musbahu ya sami aiki a banki a Kano, ya ɗinka kwat biyu, ya yi wata huɗu yana sawa. Sai Hajiya ta ji wa'azi a rediyo a kan kuɗin ruwa. Ta kira shi bayan la'asar ta yi masa maganar da ba ta kai minti biyar ba, washegari ya ajiye aikin. Shi ne autanta, kuma duk karatun da ya yi bai kai ga darasin da ake ce mata a'a ba. Wasila ta san idan labarin ɗaki mai sanyi ya isa kunnen Hajiya, minti biyar ɗin nan za su dawo. A Dubai kuwa aiki da biza igiya ɗaya ta ɗaure su, bizar Wasila kuma a ƙarƙashin ta mijinta take. In ya ajiye aiki, wata ɗaya za a ba su su tattara tukwanensu.

Tun cikin Sha'aban Musbahu ya kawo mata matosan, cike da buhun shinkafa guda, masu rabon abinci na otal suka tara masa. Sai ana tsakiyar azumi yayansa ya bugo waya ya ce jirgin da zai dawo da Hajiya daga Umra ta Dubai zai biyo, kuma an shirya ta sauka ta yi Sallah da su, kwana uku. Musbahu ya ajiye wayar ya dubi buhun ya ce a zubar. Wasila ta ce ba za a zubar ba. Ta yi masa bayani a tsanake, irin wanda take yi wa masu ciwon suga: za a yanke bakin, za a fesa fenti, kuma tsohuwa 'yar shekara saba'in daga Yakasai, wadda ko lemon kwalba ba ta sha sai an nuna mata murfin, ina ta san matoshin giya? Musbahu bai gamsu ba, amma yana da mata biyu a duniya da ba ya iya musu da su, kuma wadda ta fi kusa ita ce ke tsaye a gabansa.

Ranar ashirin da takwas ga azumi, bayan azahar, ƙawayenta biyu suka iso. Fatouma 'yar Damagaram ce, tana da shagon abaya a Al Buteen, ta zo da babban kwali irin na aika kaya da wuƙa mai kaifi. Asama'u kuwa digiri na biyu take yi a Sharjah, kuma ita ce malamar ƙungiyarsu, ba don an naɗa ta ba, sai don wayarta cike take da littattafan fiƙihu kuma ba ta ƙyashin karanta wa mutane. Wasila ta shimfiɗa leda a tsakar falo, ta jona bindigar gam, ta juye buhun. Da aka tambaye ta inda ta samo, ta ce na kwalaben man zaitun ne.

Fatouma ta ɗauki ɗaya ta juya shi. Ta yi boko da Faransanci, kuma rubutun da ke jikin matoshin da shi aka yi. Ta karanta, ta ɗauki wani ta karanta, ta dubi bakinsa da ya rine ya yi jajaja-jajaja kamar an tsoma a zoɓo.

"Ma chérie," in ji ta, "wannan man zaitun naki a Bordeaux, garin giyar Faransa, aka tatse shi? Mu a can buchon muke ce masa, kuma na san abin da yake toshewa."

Asama'u ta saki wanda ke hannunta kamar ya cije ta.

Ba yadda Wasila za ta yi, ta kwashe labarin duka ta faɗa musu: siton, ɗaki mai sanyi, banki, minti biyar, da jirgin Hajiya da zai sauka gobe da hantsi. Fatouma ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce ita a shagonta rabin masu sayen abaya ba ta tambayar inda za su da ita. Asama'u ba ta yi dariya ba. Ta ce batun aikin Musbahu tsakaninsa da Ubangijinsa ne kuma za ta turo masa wasu shafuka, amma abin da ke gabansu yanzu shi ne waɗannan abubuwa najasa ta taɓa su, kuma ba a rataya najasa a ƙofar gidan da ake sallah. Ta duba waya. Ta ce itace ne, itace kuwa yana tsarkaka, da sharaɗin a wanke har launi ya tafi, ƙamshi ya tafi, ɗanɗano ya tafi. Fatouma ta tambaya wa zai ɗanɗana. 

Suka gwada wankewa a famfo, jan bai motsa ba. A nan ne Wasila ta tuna maƙwabciyarta ta taɓa cewa in aka tafasa matosai sukan yi laushi, wuƙa ta shige su kamar dankali. Ga tsarki ga sauƙin yanka a tukunya ɗaya. Shawarar ta yi kyau ƙwarai, kuma mata uku masu takardun shaida bakwai a tsakaninsu suka amince da ita ba wanda ya ja. Wasila ta sauko da babbar tukunyar da take tuwo in an yi baƙi, ta cika ta da ruwa, ta zuba matosai wajen ɗari biyu, ta danne su da faranti don sun ƙi nutsewa, ta kunna gas.

Minti goma ba a ji komai ba. Daga nan abin da ya kwana shekaru a cikin itacen ya farka. Wani tsami-tsami mai zaƙi ya taso daga kicin, ya ratsa falo, na'urar sanyaya ɗaki ta karɓa ta rarraba shi da adalci har cikin labule da darduma da katifar da aka shimfiɗa wa Hajiya. A ranar ashirin da takwas ga Ramadan, ƙarfe uku na rana, gidan Wasila ya koma yana wari irin na wurin da ba ɗayansu ta taɓa shiga.

Asama'u ta toshe hanci da hijabi. Ta ce a mazhabarmu tururin tukunya in mutum ya shaƙa ya kai maƙogwaro yana karya azumi, kuma wannan ana maganar tururin miya ne. Ta ɗauki jakarta ta fita ta tsaya a baranda, inda rana ke zuba da digiri arba'in da huɗu, ta ci gaba da ba da umarni ta bayan gilashi. Wasila ta kashe gas, ta buɗe tagogi, zafi ya shigo, warin bai fita ba. Ta kunna turaren wuta a kasko biyu, na Maiduguri mai tsada wanda take ɓoyo saboda Sallah. Fatouma ta shinshina ta ce yanzu an samu ci gaba, da mashaya ce kawai, yanzu mashaya ce da aka kai amarya.

Ita ce kuma ta kawo mafita. Ta ce a duk duniyar da ta yawata, daga Damagaram zuwa Guangzhou, ba ta taɓa ganin warin da ya tsaya a gaban daddawa ba. Ta sa mai a kasko, ta jefa daddawa uku da busasshen kifi da albasa, ta bar su suka ɗan kama. Kafin la'asar Bordeaux ta miƙa wuya. Asama'u ta dawo ciki jiƙe da gumi, ta shaƙa da taka-tsantsan, ta ce wannan tururin ma yana karya azumi amma aƙalla na halal ne.

Sai aka zauna aiki. Fatouma ta zana jinjirin wata a kwalin, Wasila ta ce ayaba ce, aka sake zanawa, ya fito ayabar da ta fi ta farko lanƙwasa, aka karɓa haka. Matosan kuwa sun yi laushi kamar yadda aka ce, wannan ɓangaren shawarar gaskiya ne. Wasila tana yanke jajayen bakunan tana jefawa a leda, Fatouma tana jerawa a tsaye kamar masu sahu, rubutun Faransanci yana kallon ciki. Asama'u ta rantse ba za ta taɓa ko ɗaya ba, amma ta kasa jure yadda Fatouma ke ɗiga gam kamar mai zuba man ja a wake, ta karɓe bindigar tana cewa gam dai ba najasa ba ne. Ta ƙone yatsa sau biyu. Tauraron ya ba su wahala, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, Fatouma ta ce kaguwa ce, Wasila ta ce daga nesa za a gani. Suka fitar da shi baranda suka fesa fenti sau uku. Da ya bushe suka jingine shi a bango suka ja da baya, kuma ko Asama'u sai da ta ce masha Allah, don abin ya yi kyau fiye da yadda ya cancanta.

Suna buɗa baki da dabino da kunun gyaɗa Musbahu ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya tambaya ko wani abu ya mutu a kicin. Fatouma ta ce masa khalas, an wuce wurin, ya gode wa Allah bai dawo ƙarfe uku ba. Ya dubi jinjirin watan ya daɗe, ya kai hanci kusa, fenti kawai ya ji. Ya rataya shi da kansa a ƙofa, yana bugun ƙusa kamar mai sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Da hantsi ya ɗauko Hajiya daga filin jirgi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai tafiya da sauri, da jarkar zamzam da wata jaka da ta ƙi bari kowa ya riƙe mata. Da suka fito daga lif ta tsaya a gaban ƙofar. Wasila, da ta durƙusa tana gaisuwa, ta ga ƙafafun sun tsaya. Hajiya ta kai yatsa ta danna matoshi ɗaya, ya lotsa ya dawo. Ta ce an yi ado. Ta shiga.

 Aka yi gaishe-gaishe, aka tambayi hanya, aka tambayi Makka, aka tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. Hajiya ta buɗe jakar da ta hana kowa, ta fito da kwalbar soyayyen man shanu da ta ɗauko wa autanta tun daga Yakasai, ta yi mako biyu tana yawo da ita a Saudiyya. Da leda da roba aka ɗaure bakin, kuma ya tsiyaya ya ɓata mata zane guda. Ta ce ba za ta ba kowa ba, ita za ta kai kicin da kanta, don tana son ganin inda ake dafa wa ɗanta abinci.

Babbar tukunyar tana kife a kan kanta, an wanke ta sau huɗu. Hajiya ta ɗaga ta, ta leƙa, ta kai hanci. Ta mayar ta kife.

"Wasila, dafa su kuka yi?"

Wasila ta matsa jikin firji. Ta ce me fa, Hajiya.

"Matosan. Ba a dafawa, 'yar nan. Dafawa tana fito da warin ne ta sa shi a tukunya. A ruwan toka ake jiƙa su kwana biyu, a shanya a rana. Kira min shi."

Musbahu ya zo ya durƙusa a ƙofar kicin, don kicin ɗin ba ya ɗaukar mutum uku. Hajiya ta zauna a kan 'yar kujerar roba ta ba su labarin da ba wanda ya taɓa ba su. Kafin a haifi Musbahu, kafin mahaifinsa ya zama Alhajin da ke da rumfar yadi a Kwari, shekara tara ya yi yana rabon abinci a wani kulob na Turawa a Bompai, da farar riga da jar ɗamara. Kullum sai ya dawo da matosai cike da aljihu, ita kuma lokacin man gyaɗa take yi na sayarwa, kuma duk unguwar ba mai kwalaben da ba sa zuba sai ita. Mata har tambayarta suke inda take samu, tana cewa daga asibiti. Ta ce tun daga bakin lif ta gane su, ko da an shafa musu zinaren duniya, don yatsanta ya san lotsawarsu. Kuma mutum ba ya samun buhu guda na wannan abu a ofis.

Musbahu ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, makulli da ɗaki mai sanyi da duka. Wasila tana tsaye jikin firji tana duban agogon bango. Ta riga ta fara tunanin wace tukunya za ta shiga akwati, wace za a bar wa Fatouma.

"Kana sha?"

"Wallahi ban taɓa ba, Hajiya."

"Ubanka ma bai taɓa ba. Kuma bai taɓa jin daɗin aikin ba ko na rana ɗaya. Ranar da ya sami rumfa ya ajiye musu ɗamararsu. Kai ma ka nemi wani, da gaske nake, ba neman da ake yi da baki ba. Amma kada ka saki wannan sai wancan ya zo hannu. Ubanka bai saki ba sai da ya riƙe."

Musbahu ya ce to. Sannan, da ƙarfin halin da shekara takwas suka tara masa, ya tambaya a hankali: to banki fa?

Hajiya ta dube shi kamar ya tambayi abin da yaro ma ya sani. Ta ce lokacin banki tuwon gidanta yake ci, a ɗakin zaure yake kwana, in ya bar aiki ba wanda zai kwana da yunwa. Yanzu kuwa ya ɗauko 'yar mutane ya kawo ta ƙasar da ko ruwan sha sai an saya. Asama'u, da aka ba ta labari daga baya, ta ce ba ta ga wannan bambancin a kowane littafi ba, amma ba ta ce za ta je ta gaya wa Hajiya ba.

Wasila ta lura minti biyar sun cika har sun wuce, kuma tukwanenta suna nan inda suke. Ta tambaya da ladabi ko a sauke adon daga ƙofa. Hajiya ta ce wahalar da aka sha ai ba za ta tafi a banza ba, tafasa ma wanki ne ko da na marasa sani, a bar shi. Tukunyar ce dai ba za ta ci tuwonta ba sai an dafa toka a ciki, in ana samun toka a garin nan. Sai ta miƙa hannu ta ce a ba ta matoshi ɗaya mai kyau, wanda ba a yanke ba, ta rufe man shanun. Wasila ta duba buhu, ta duba leda, babu. Duk sun yanke, in ban da guda ɗaya da Fatouma ta manna cikakke a ƙarshen doguwar ƙafar tauraro.

Hajiya ta fita da kanta da wuƙa. Ta ɓanɓaro shi, ta kankare fentin da gam ɗin a tsanake, ta wanke, ta murɗa shi a bakin kwalbar, ta kife kwalbar a iska. Ko ɗigo bai fito ba. Ta ce shekara arba'in rabonta da ganin murfi na gaskiya, kuma in Auta ya tashi barin aikin, ya cika mata leda ɗaya kafin ya miƙa makullin.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Fatouma da Asama'u suka zo da mazajensu cin abinci. Maƙwabciya 'yar Filifin ta fito daga lif, ta tsaya, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Fatouma ta ƙura wa tauraron ido ta tambayi wanda ya gyara shi, don ƙafafunsa biyar yanzu sun zo daidai. Wasila ta nuna falo da haɓa, inda Hajiya ke zaune tana zuba man shanu a tuwon da aka tuƙa a tukunyar aro.